Biskit ɗin Kaka da garin dawa

Ranar da aka fara miƙo mini abin da mutanen jihar Jojiya ta Amurka ke kira biskit, na ɗauka mai shagon bai ji ni da kyau ba. Ni dai a sanina biskit shi ne busasshen nan na cikin kwali, irin kabin da ake raba wa yara ranar suna ko a tsoma a shayi. Sai ga wani dunƙule mai zafi a takarda, yana tururi, ba zaƙi ko kaɗan, kamar ɗan burodin da ya fasa girma. Maigida yana gefe yana ta dariya, don shi ya riga ni zuwa da shekara biyu. Na gutsura na ce masa wannan ai sai da miya. Ya ce ai da miyar suke ci, da soyayyar kaza, da ƙwai, da zuma, da duk abin da ya samu. Irin namu kuma wani suna daban suke kiransa da shi.

Daga Zariya muka zo. Aiki ya kawo shi, aure ya kawo ni, muka zauna a wata unguwa a gefen Decatur, gabas da Atlanta. 'Ya'yanmu uku. Wannan labarin na ta tsakiyar ne, da wata tsohuwa da katangar katako kawai ta raba gidanmu da nata.

Yara ne suka sa mata Kaka, ita kuma ta karɓi sunan hannu biyu, har takan gyara wa jikokinta na jini in sun faɗe shi ba daidai ba. Baƙar fata ce, haifaffiyar wani ƙauye a kudancin Jojiya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ta yi ritaya daga aikin girki a wata makarantar firamare. Sati na biyu da tarewarmu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da faranti lulluɓe da tawul. Na karɓa na yi godiya, na kai kicin na ajiye, ban bar kowa ya taɓa ba. An riga an gargaɗe ni cewa tsofaffin Kudu, wato jihohin kudancin ƙasar Amurka, da kitsen alade suke kwaɓa biskit, miyar da suke zuba masa kuma da naman alade ake yin ta. Kwana uku ina juya yadda zan mayar mata da faranti ba tare da na yi ƙarya ko na ɓata mata rai ba. Daga ƙarshe na faɗa mata gaskiya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "'Yata, da kin tambaya tun ranar. Kakata da kitse take yi, ni ma da shi na yi wancan. Na Asabar mai zuwa da bota zan yi, a sabon kasko."

Haka kuwa aka yi. Daga nan kowace Asabar da hantsi faranti yana tsallako katanga, ni kuma in mayar da shi da waina ko ƙosai. 'Yata ta tsakiya ita ce 'yar aike. Ita ke karɓowa, kuma kafin ta ƙaraso kicin ɗaya ya ɓace a hanya.

Tana da shekara shida abin ya fara fitowa fili. Ciki ya riƙa kumbura mata kamar an hura, hannuwa da ƙafafu kuma suna sirancewa. Yau gudawa, gobe ta kwana uku ba ta zaga ba. Kashinta fari-fari, mai maiƙo, mai wari da ba na yara ba. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma kwanciya a kan kujera tun daga dawowa makaranta, ga saurin kuka, ga fushi ba dalili. Ƙaninta da ta ba shekara biyu ya kusa kamo ta a tsawo. Likitan farko da muka gani ya ce ƙarancin jini ne, ya rubuta maganin ƙarin jini, ya ce wasu yaran haka suke da tsirfar abinci. Wata huɗu tana shan maganin, jinin bai motsa ba. Da na koma na faɗa masa, sai ya tambaye ni ko ina ba ta nama. Na ji zafin tambayar nan har cikin raina, don na gane abin da yake nufi: ya ga mace da hijabi da Turanci mai karkata, ya yanke cewa ba ta iya ciyar da 'yarta ba.

A gida kuwa kowa da nasa. Hajiyata ta ce shawara ce. Uwar mijina ta ce basir ne, ta aiko da ƙulli biyu ta hannun wani da ke dawowa daga hutu. Wata gwaggona ta kira ni cikin dare ta ce in daina saka hoton yara a Facebook, baki ne. Ban raina kowa ba. Na yi mata tofi, na ba ta zuma da habbatussauda, kuma abin da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirji shi ne, duk ranar da ta ƙi cin tuwo sai in lallashe ta da burodi da shayi, ko taliya, tunda su take so. Da hannuna nake ƙara mata ciwon ban sani ba.

Allah ya haɗa mu da wata likitar yara da ta zauna ta saurare ni har na gama. Ta sa aka ɗebi jini aka yi gwajin da suke kira tTG-IgA, sakamako ya fito sama ƙwarai. Ta ce tana zargin cutar siliyak, amma kada in kuskura in daina ba ta alkama tukuna, domin in aka daina kafin a leƙa hanjin, ciwon yakan lafa, gwajin ya ɓata. Makonnin nan sun fi kowane lokaci yi mini wuya. Na san abin da ke cutar da ita, kuma an ce in ci gaba da ba ta. Ranar da aka yi aikin, suka sa ta barci, suka zura siririn bututu mai kyamara ta baki har farkon ƙaramin hanji, suka tsinko 'yan ƙananan nama suka kai ɗakin gwaji.

Likitar ta zana mini abin a bayan takarda. Ta ce cikin ƙaramin hanji kamar tawul yake, cike da 'yan tsirai masu tsotse amfanin abinci. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi ta miƙewa in an ja shi. Mai siliyak in ya ci, garkuwar jikinsa sai ta juya ta afka wa hanjinsa, tsiran nan su kwanta, tawul ya koma kamar leda. Abinci yana shiga, amfaninsa yana wucewa. Shi ya sa maganin ƙarin jini bai yi komai ba. Na tambaye ta wane magani za a ba ta. Ta ce babu ƙwaya babu allura, maganin kawai a raba ta da gulutin har ƙarshen rayuwarta. Na ce ni na ɗauka ciwon Turawa ne. Ta girgiza kai ta ce kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da shi a duniya, kuma adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka aka same shi, cikin yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda binciken da aka buga a 1999 ya samu sama da kashi 5 cikin 100.

Da muka dawo gida na buɗe kabad na tsaya. Fulawa, taliya, makaroni, kuskus, semo, burodi, hatsin karin kumallon yara, duk suka tafi. Sannan aka shiga na ɓoye. Miyar waken soya ta kwalba akwai alkama a ciki. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya akwai. Wasu alewoyi akwai. Na koyi karanta bayan kwali kamar mai bitar jarrabawa. A Amurka, tun watan Agusta na 2014 doka ta ce ba a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin sai abin da ke ciki bai kai kashi 20 cikin miliyan ba. Da na ji wannan lissafin na gane cewa ɓurɓushin burodi a kan wuƙa ma magana ce. Muka sayi sabuwar na'urar gasa burodi, sabuwar rariya, sabon katakon yanka, na zubar da muciyar da na taho da ita daga Zariya saboda ta sha tuƙa semo kuma itace yana riƙe abu a tsaginsa. Muciyar nan ta ba ni tausayi fiye da duk sauran.

Sai dai a nan ne na gode wa Allah da ya yi ni Bahaushiya. Matar da ke ba da shawarar abinci a asibitin ta zauna tana jero mini abubuwan da yarinyar za ta iya ci, da fuskar mai ta'aziyya: shinkafa, masara, gero, dawa, rogo, doya, wake, gyaɗa. Ni kuwa ina ji ina lissafa tuwon shinkafa, tuwon masara, tuwon dawa, fura, kunun gyaɗa, ƙosai, alale, waina, sinasir, dambu, faten acca. Abincin da na tashi da shi ke nan gaba ɗaya. Na alkama ne 'yan tsiraru, su alkaki, funkaso, gurasa, alkubus, fanke da cincin. Ɗanwake ma asalinsa garin wake da na rogo ne, mu 'yan zamani ne muka cusa masa fulawa. Cikin wata uku kumburin ya sace, kumatu suka fara dawowa, ta koma faɗa da ƙaninta a kan keke.

Mutane ne suka fi abincin wuya. A wani taron Sallah wata baiwar Allah, babbar mace da nake ganin girmanta, ta ga yarinyar zaune da robar abincinta daban, sai ta ɗebo cincin ta cika mata hannu. Da na yi magana ta ce, "Haba Maman yara, ɗan wannan me zai yi mata? Ku dai kun zo Amurka kun koyi tsirfa." Yarinyar ta riga ta ci uku. Kwana biyu muka yi tana murƙususu. Ban ce wa matar komai ba, girma ya hana, amma a daren na zauna ina karanta tarihin ciwon don in samu abin da zan riƙa faɗa wa masu cewa cutar zamani ce. A nan na ga labarin wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, wanda ya daɗe yana zargin alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya ɓace, sai yaran da ke da wannan ciwo suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa. Yanzu in wata ta fara, wannan nake ba ta, in ƙara da cewa ciwon ya girmi uwata.

Duk wannan yarinyar ta haƙura. Ba ta yi kukan burodi ba, ba ta yi na taliya ba. Asabar ce ta gagara. Na je na yi wa Kaka bayani, ta zauna shiru, sannan ta ce, "Ke nan duk Asabar ɗin nan ni nake..." Ba ta ƙarasa ba. Na ce mata ni ma da hannuna na yi ta ba ta burodi, ba wanda ya sani. Daga ranar faranti ya daina tsallakowa, don ta ce ba za ta aiko wa biyu ta bar ɗaya tana kallo ba. Amma ƙamshi ba ya neman izinin katanga. Kowace Asabar sai in ga yarinyar ta je ta tsaya a tagar kicin, ba ta cewa komai. Wata rana ta juyo ta ce, "Umma, in na girma na warke zan ci guda goma." Na shige banɗaki na kunna famfo.

Washegari na sayo garin da ake haɗawa musamman don masu wannan ciwo, ƙaramar leda a kuɗin da zai sayi babban buhun fulawa. Na bi abin da aka rubuta a bayanta. Abin da ya fito daga oben ko kare aka jefa da shi sai ya yi ƙara. Na biyu ya yi laushi amma yana taɓa hannu ya watse kamar dambu. Na uku waje ya ƙone, ciki ya yi danƙo kamar ɗanyen tuwon rogo. Na huɗu ya yi kyau a ido, a baki kuma kamar an zuba yashi, saboda garin shinkafar bai yi laushi ba. Maigida, Allah ya saka masa, yana cinye su da shayi yana cewa ana samun ci gaba. Yarinyar kuwa ba ta iya munafunci ba. Ta gutsura ta ajiye ta ce, "Ba irin na Kaka ba ne."

Da na fara haɗa garin da kaina sai na ci karo da wani farin gari da ake kira zantan, wanda ake zuba ɗan kaɗan don ya riƙe kwaɓi a madadin gulutin. Ina yi wa Hajiyata bayaninsa a waya, na ce in ya taɓa ruwa yauƙi yake yi. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, wannan ai kuka ce. Me ke riƙe ɗanwake in ba kuka ba? Kina da ita a gida kike kashe kuɗi?" Maganarta gaskiya ce ta wani ɓangaren, aikinsu ɗaya ne. Na gwada. Biskit ya riƙe kansa tsaf, bai watse ba, amma ya fito kore shar yana ƙamshin miya. Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Babban ya ce saura daddawa. Na koma wa zantan, amma daga ranar na daina jin tsoronsa, tunda na gane ko wane ne.

Ban gaya wa Kaka ina wannan fama ba, kunya nake ji. Yarinyar ce ta tona. Wata Asabar sai ga tsohuwa a ƙofa, ba faranti, ta ɗaura sabon atamfar girki da ko wanki bai taɓa gani ba, ta ce ta wanke hannu sau biyu kuma ba ta taɓa fulawa ba tun jiya. Ta ce in yi a gabanta ta gani.

Na fara ke nan ta riƙe mini hannu. Botar da na fitar tun safe ta yi laushi, ta ce a mayar firiza. Na zuba madara, ta ce ina nonon? Na nuna mata madarar da na matsa wa lemon tsami, yadda na gani ana yi. Ta ce wannan dabarar ranar da babu ce. Ta aiki babban yarona gidanta ya ɗauko kwalin nonon da take amfani da shi, sabo, ba a buɗe ba. Na zuba kaɗan a cokali na ɗanɗana, sai na tsaya. Tsala ce. Nonon da Fulani ke kawowa bayan sun kaɗe sun cire man shanu, mai ɗan tsami, wanda muke dama fura da shi in kindirmo ya yi tsada. Na faɗa mata, ta ce haka kakarta ke yi, ta kaɗa nono a tulun katako ta kwashe man, ruwan da ya rage shi ne na biskit. Na shago na yanzu madara ce ake sa wa ƙwayoyin tsami ta yi kauri, amma aikin ɗaya ne. Tsamin nan in ya haɗu da bekin soda sai ya tayar da iska a cikin kwaɓin, kamar dai yadda kanwa ke kumfa in ta haɗu da ruwan tsamiya. Shekara nawa ina wuce kwalin nan a shago ban san 'yar gida ba ce.

Sannan ta faɗi maganar da ta sauya mini tunani. Ta ce ita duk rayuwarta yaƙi take da wannan gulutin ɗin, ba ta dai san sunansa ba. Fulawar da matan Kudu ke so, White Lily, wadda aka fara niƙawa a Knoxville ta jihar Tenesi tun 1883, daga alkama mai laushi ake yin ta, mai ƙarancin danƙo. Kuma dokar farko da kakarta ta koya mata ita ce kada a murza kwaɓin biskit, in aka murza ya yi tauri. Burodi ne ke neman danƙo, biskit gudunsa yake. Ta ce, "To ke da garinki ba shi da shi sam, me kike tsoro? Matsalarki ba gari ba ce, hannunki ne ya yi zafi."

Ta sa na goge daskararriyar botar da abin goga kuɓewa kai tsaye cikin garin, na juya da yatsu sama-sama har kowane silin bota ya lulluɓe da gari. Ta ce botar ba narkewa ake so ta yi a kwano ba, a cikin wuta ake so ta narke, ruwan jikinta ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin hawa-hawa. Da muka zuba nonon, ita ce ta fara mamaki, don garin ya shanye ya nemi ƙari fiye da yadda ta saba. Ta taɓa, ta ƙara, ta sake taɓawa. Ba ta auna komai ba, ni kuwa ina biye da ita da sikeli ina rubutawa. Muka zube kwaɓin a kan tebur, ta daddanna shi da tafin hannu, ta ninka kamar wasiƙa, ta juya, ta sake dannawa, har sau huɗu. Ta bar shi da kauri kamar faɗin yatsu biyu. Da na ɗauki gwangwanin yanka na danna na murɗa, ta buge mini hannu. A danna a ɗaga, ba a murɗawa, murɗawa tana liƙe gefen ya kasa tashi. Ta jera su a kaskon ƙarfe suna taɓa juna, ta ce in sun jingina da juna sama suke yi maimakon su baje.

Na ranar ya tashi, ya yi hawa-hawa, amma Kaka ta tauna ta ce ba shi da rai, kamar farar takarda. Yashin nan kuma bai gama tafiya ba. Yashin na magance shi da kaina, da abin da na sani daga waina: ƙullun shinkafa yana son a bar shi ya huta. Na riƙa sa yankakken biskit a firij rabin awa kafin wuta, garin ya jiƙa, botar ta sake daskarewa. Rai kuma dawa ce ta kawo shi. Na tuna ƙamshin tuwon dawa in ya fara kama gindin tukunya, na ce bari in gwada.

Nan ma sai da na yi kuskure. Na samu garin dawa da na gero da araha a wani shagon Indiyawa, su suna kiran dawa jowar, gero kuma bajra. Na yi murna na sayo. Bayan kwana biyu ciki ya kumbura. Da na duba ledar da kyau, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa a injin da ake niƙa alkama ake niƙa shi. Laifina ne, ban karanta ba. Tun daga nan sai wanda aka rubuta wa an gwada, ko da ya ninka kuɗi. Haka in mun je gida hutu, ba na kai niƙa injin unguwa, don ban san abin da aka niƙa kafin nawa ba. A turmi ake daka na yarinyar, turmin da Hajiya ta ware mata.

Ga yadda nake yi yanzu, ga duk wadda Allah ya jarraba da irin wannan. Garin shinkafa mai laushi sosai giram 140, garin farar dawa giram 60, sitacin rogo giram 50, sitacin dankalin Turawa giram 50. Zantan ya ɗan gaza ƙaramin cokali ɗaya, in ya yi yawa danƙon nan na ɗanyen tuwo zai dawo. Bekin foda babban cokali ɗaya, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali ɗaya ba a cika ba. Bota sanda ɗaya irin ta nan, wato giram 113, daskararriya. Nono mai sanyi kusan kofi ɗaya, ba na zuba shi duka lokaci ɗaya, ina bari kwaɓin ya nuna mini. Ya kamata ya ɗan manne a hannu, in ya bushe kamar na cincin to an cuce shi. Oben ya yi zafi tun kafin a saka, digiri 425 a ma'aunin Amurka, wato wajen 220 a namu, minti 18 zuwa 20, a shafa musu nono a kai kafin su shiga. Kuma a bar su su huta minti goma bayan an fitar, don na shinkafa in aka fasa shi da zafinsa cikin yakan yi kamar bai nuna ba. Guda takwas nake samu. Ba ya kwana da daɗi kamar na alkama, washegari ya bushe, shi ya sa nake yanka ɗanye in daskarar in riƙa gasa biyu-biyu. A Zariya na yi shi da tsalar gaske da man shanu da na sa a firiza, ya fi na nan ƙamshi nesa ba kusa ba.

Ranar da na kai wa Kaka na farko mai dawa, ta fasa shi biyu da hannu, ta duba cikin, ta shinshina. Ta tashi ta ɗauko wata kwalba mai baƙin ruwa mai kauri ta zuba a kai. Ta ce da wannan suke ci tun tana yarinya, daga tsaunukan arewacin Jojiya ake kawo mata, wajen Blairsville, inda ake bikin dafa shi kowace Oktoba. Na lasa. Zaƙi ne mai ɗan tsami da ƙamshin kara. Na tambaye ta daga me ake yi, ta ce daga wata dawa mai zaƙin kara da ake matsewa a dafa ruwan. Na ce takanɗa! Muna yara a gona muke karya ta muna sha. Ta sa na maimaita sunan sau uku, ta kasa fitar da ɗ ɗin, ta haƙura.

Yanzu yarinyar tana da shekara 12, ta fi ƙaninta tsawo da tazara, gwajin jininta na baya-bayan nan ya fito daidai. Kaka kuma ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, ba ta iya goga bota. Faranti ya koma tsallaka katanga kowace Asabar, sai dai daga wajenmu yake tashi, kuma ba ni ke kwaɓawa ba, yarinyar ce da kanta. Makon jiya na bi ta don in gaishe da tsohuwar. Ta buɗe tawul ta ƙirga, ta ga bakwai, ta kalli yarinyar ta saman tabarau. Sannan ta ɗauki ɗaya ta juya shi ta ga gefen da ya ɗan karkace, ta ce, "Wa ya murɗa gwangwani?"